HUTUN KWANA UKU YA ISA MUTUM YA GA WURNO

Kwanan baya na shiga wani aji na manyan yara, na tambaye su inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ke. Kusan duk suka ce Sakkwato. Malamin ma da na waiwaya na dube shi sai ya sunkuyar da kai. Alhali kuwa Bello a Wurno ya rasu cikin 1837, a can kuma aka rufe shi, garin da bai cika mil 30 daga Sakkwato ba. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami, don in roƙi malaman makaranta da ma'aikatan ofis su riƙa ɓatar da gajeren hutunsu wajen ziyarar tsofaffin gidajen sarauta da ganuwoyin ƙasarmu.

Mutanen Ingila, tun 1895 suka kafa ƙungiya musamman don tsare tsofaffin gidaje da wuraren tarihi, har ma'aikaci ya kan kwashi iyalinsa ran hutu, ya biya kuɗi a ƙofa don ya ga inda sarakunan dā suka zauna. To, su nasu na dutse ne, yana iya jiran mai ziyara shekara ɗari. Namu na ƙasa ne. Damina biyu ko uku in ba a yi yaɓe ba, sai soro ya zauna, azara ta ruɓe, mai gona ya shigo da garma.

Wurno ba don shaƙatawa aka gina ta ba. Ribaɗi ne, watau garin tsaro, wanda Bello ya kafa don ya tare Gobirawa da Abzinawa daga wajen gabas da arewa. Wanda ya tsaya kan tudun garin, ya dubi fadamar gulbin Rima a ƙarƙashinsa, nan take zai gane dalilin zaɓen wurin, abin da allo da alli ba za su nuna wa yaro ba ko an shekara ana maimaitawa. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a nan ya fi zama, a zamaninsa ne kuma Baturen nan na Jamus, Barth, da a ke kira Abdulkarim, ya sauka garin cikin 1853. Sarkin Musulmi Abdurrahman ma a Wurno ya yi zamansa har 1902. Ashe shekaru da yawa daga nan a ke aika takardu zuwa Kano da Bauchi da Adamawa.

Daga Wurno sai Rabah, garin Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Bello, wanda ya zama Sarkin Musulmi cikin 1873. A nan aka haifi jikansa Sardauna Ahmadu Bello. Malamai su tuna shi ma alli ya fara riƙewa, a Midil ta Sakkwato, kafin a ba shi hakimcin Rabah a 1934. Goronyo kuwa yawanci madatsar ruwa a ke zuwa kallo, amma mai hankali ya nemi dattawan gari, gama labarin Gobir yana bakinsu.

Na san za a ce hanya ba lafiya. Gaskiya ne, ba wanda ya manta da abin da 'yan bindiga suka yi a kasuwar Goronyo cikin Oktoba 2021, kuma ban ce kowa ya kwashi 'ya'yan mutane ya shiga daji da ka ba. A tambayi hukuma tukuna, a tafi da hantsi, a komo kafin la'asar. In Rabah da Goronyo ba su yiwu bana, a jira. Amma fa rashin zuwan namu ya riga 'yan bindiga. Lokacin da hanya ta ke lafiya lau, mu nawa muka je?

Wanda ya samu zuwa, kada ya faɗa gari kamar ɗan kallo. Ya fara gaisuwa a fadar Sarkin Sudan na Wurno, ya nemi iso, ya cire takalmi a hubbare. Ya tafi da littafi da abin awo, ya auna kaurin abin da ya saura na ganuwa, ya rubuta sunayen ƙofofi da unguwanni daga bakin tsofaffi, ya ɗauki hoto. Kofi ɗaya ya ajiye a makarantarsa, ɗaya kuma ya kai gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Ƙananan hukumomi kuma ina roƙonsu, in za su yi gyara, su kira magina na gargajiya, kada su lulluɓe kome da siminti su ce sun gyara.