Bahar Maliya: idan mai ya malala, wa masunci zai kira?

A watan Mayun 2025, jirage marasa matuƙa sun kai hari kan ma'ajiyar mai a Port Sudan, wuta ta yi kwanaki tana ci. A nan Gadarif abin da aka fi tambaya shi ne man taraktoci da hanyar fitar da riɗi. Kaɗan ne suka tambayi abin da zai faru da man ya gangara teku.

Kimanin kilomita 25 daga gaɓa akwai Sanganeb, gandun murjani da aka keɓe tun 1990. Can arewa kuma akwai Dungonab, inda ayun teku ke kiwo, ɗan'uwan ayun da masuntan Kogin Kwara suka sani. UNESCO ta sanya wuraren biyu cikin kayan gadon duniya a 2016. Kudu da birnin kuwa tashar Bashayer ce, wadda ake lodin ɗanyen man Sudan ta Kudu a cikinta.

Haɗarin ba na kifi kaɗai ba ne. Tun da madatsar Arba'at ta ɓalle a Agustan 2024, Port Sudan ta ƙara dogaro da ruwan teku da ake tacewa. Mai ya kusanci bakin injinan, dole a kashe su, kuma talakan unguwa ne zai fara jin ƙishirwa, Bahaushe ko ɗan Beja.

Tsari a takarda akwai shi. Sudan mamba ce a PERSGA, ƙungiyar kare Bahar Maliya mai hedkwata a Jidda, wadda ke da cibiyar ɗaukin gaggawa a Hurghada ta Masar. Amma wanda zai fara ganin baƙin mai a kan ruwa masuncin Muhammad Qol ne da ya fita da asuba. Tsakaninsa da hukumar tashoshin ruwa, kamfanonin mai da masu gadin gandun, wace lamba ce a hannunsa?

Moris ta ba da darasi. Jirgin Wakashio ya maƙale ranar 25 ga Yulin 2020, kuma sai bayan kusan mako biyu mai ya fara zuba, kimanin tan 1,000. An samu lokaci, amma jama'a ba su sami bayani ba. Daga ƙarshe su ne suka ɗura ganyen rake a buhuna don tare man.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin jirgi ɗaya ba: lamba guda da kowane masunci ya haddace, sanarwar rediyo da Larabci da Bidawiyet da Hausa, da atisaye tare da shugabannin masunta. A sa rediyo a gaba, domin Sudan ta ga yadda layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024. Ran wanka ba a ɓoyon cibi: kamfanin da bututunsa ya ɓule ya faɗa a sa'ar farko, tun man bai isa Sanganeb ba.