Baƙon Tsuntsu Ya Sami 'Yan Kallo, Na Kullum Wa Ke Ƙirga Shi?

Ina so in ɗauke ku daga tsakar makaranta in kai ku bakin teku a ƙasar Turai, cikin watannin Afrilu da Mayu. A daidai lokacin da mu a nan muke fama da zafin bazara muna duban gabas ko hadari zai taso, su can sanyi ne yake sakinsu, itatuwa suna toho, tsuntsaye kuma suna ta kwararowa daga kudu. Da yawa daga cikin waɗannan tsuntsaye a wajenmu suka yi hunturu. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye wajen biliyan 2 ne suke barin Turai su tsallako Afirka kudu da Sahara kowace kaka, waɗanda suka rayu kuma su juya gida da bazara.

Tafiyar ba wasa ba ce. Ɗan tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 15 ba zai ci ya tara kitse, sa'an nan ya ƙetare hamada mai faɗin fiye da kilomita 1,500, da ya gama da ita kuma sai ga Bahar Rum a gabansa. Ƙananan tsuntsaye da dare suka fi tafiya, idan gari ya waye sai su faɗa ƙasar da suka fara gani, a gajiye, da yunwa. Manyan kuwa, irin su shaho da gaggafa da farar shamuwa ta Turai, da iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa suke hawa sama, irin wannan iska kuwa ba ta tashi a bisa ruwa. Saboda haka sai su yi cincirindo a inda teku ya fi ƙunci, kamar mashigin Jibralta tsakanin Maroko da Sifen, inda ruwan bai fi kilomita 14 ba. Dalili ke nan da ya sa bakin teku ya zama tashar tsuntsaye, ya kuma zama matattarar masu kallonsu.

Cikin wannan taro ba a rasa wanda ya ɓata hanya. Idan iskar kudu ta yi ƙarfi, takan ɗauki tsuntsu ta wuce da shi inda ya nufa. Alhudahuda, alal misali, ba mazaunin Ingila ba ne, amma kusan kowace bazara ana ganin waɗansu, wani lokaci har wajen 100, galibi a gaɓar kudu. Da zarar an ga irin wannan baƙo sai labari ya bazu, mutane su bar aiki, su kwana a mota, su iso da madubin hangen nesa da kyamara. A watan Fabrairu na 1989, a wani gari cikin lardin Kent, mutum wajen 2,500 ne suka taru rana ɗaya kusa da wani babban kanti domin su ga ɗan tsuntsu guda da ya ɓato daga Amurka. Abin da zai ba ku dariya, har balbela ta taɓa zama abin tafiya kallo a ƙasar. Wannan balbelar dai da ke bin shanu a bayan makarantarmu, ba ta taɓa yin sheƙa a Ingila ba sai a 2008.

To, ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne an ɗora kallo a inda bai fi muhimmanci ba. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Yau yana nan, gobe ya wuce ko ya mutu. Tsuntsun da ya kamata a sa wa ido shi ne na kullum, wanda ake gani har an gaji da ganinsa, domin shi ne yake iya raguwa shekara da shekaru ba wanda ya lura.

Ga misali mai ban tausayi. Akwai wani tsuntsun bakin ruwa mai dogon baki siriri lanƙwasasshe, wanda Turawa ke kira slender-billed curlew. Yana haihuwa a yammacin Saibiriya, yana hunturu a gaɓar Bahar Rum da ta Maroko. A ƙarni na 19 yana da yawa, har ana harbinsa ana sayarwa a kasuwannin Italiya, ba wanda ya damu ya ƙirga. Tun shekarun 1920 ba a sake ganin sheƙarsa ba. Da ya zama abin nema ruwa a jallo, sai masu kallo suka riƙa zuwa wani tafki a gaɓar Maroko mai suna Merja Zerga domin su ga 'yan ƙalilan da suka rage. A can aka yi masa gani na ƙarshe da kowa ya yarda da shi, a Fabrairun 1995. A watan Mayu na 1998 wani tsuntsu ya sauka a Druridge Bay, a gaɓar arewa maso gabashin Ingila, waɗansu suka ce shi ne, waɗansu suka ce wani ɗan'uwansa ne mai kama da shi. Jama'a suka yi tururuwa, kwamiti ya zauna ya amince, bayan fiye da shekara goma kuma aka sake zama aka soke. Ana can ana ta gardama a kan tsuntsu guda, irin nasa yana ƙarewa. A Nuwamban 2024 masana suka fitar da binciken da ya nuna ya ƙare a duniya. Duk wannan sha'awa da aka nuna masa ihu ne bayan hari.

Wanda ya kama wannan hanya a yanzu shi ne kurciyar Turai, wadda ta ɗan fi ta gidajenmu ado a baya da wuya. Ita kaɗai ce cikin kurciyoyin Turai take tsallake Sahara. A 2014 ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, wato RSPB, ta ɗaura wa wata 'yar ƙaramar na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam a lardin Suffolk. Aka bi ta har ƙasar Mali, inda ta yi hunturu, ta kuma koma inda ta fito a 2015, tafiyar wajen kilomita 11,200 zuwa da dawowa. A wajejen 1970 an ƙiyasta sheƙa 125,000 na wannan kurciya a Ingila, kowace da namiji da tamata. Ƙidayar da aka yi a 2021 ta sami wajen 2,100 kacal. Kashi 98 cikin 100 sun tafi ke nan, cikin rayuwar mutum ɗaya.

Me ya cinye su? Babban dalili a Ingila shi ne sauyin noma. Maganin kashe ciyawa ya hallaka ciyayin da kurciya ke cin 'ya'yansu, an kuma sare shingayen ƙaya da take sheƙa a ciki, sai ta riƙa ƙyanƙyasa kaɗan. Sa'an nan ga bindiga da raga da danƙo suna jira a hanya. Wani rahoto da ƙungiyar BirdLife ta fitar a 2015 ya ƙiyasta ana kashe tsuntsaye wajen miliyan 25 kowace shekara ba bisa doka ba a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, Masar da Italiya suna kan gaba, kowace da fiye da miliyan 5.

Akwai kuma kisan da doka ta yarda da shi, wanda a ganina ya fi zafi idan da bazara ne. Tsibirin Malta yana tsakiyar Bahar Rum, kudu da Sisili, a kan hanyar tsuntsayen da suka taso daga Afirka. A ranar 11 ga Afrilu, 2015, aka yi ƙuri'ar raba gardama a can a kan ko a ci gaba da farautar bazara. Masu son farauta suka yi nasara da ratar ƙuri'a 2,220. An dakatar da harbin kurciya da bazara a 2017, aka sake buɗewa a 2022. Maharban Malta suna cewa al'adar kakanninsu ce, kuma abin da suke kashewa kaɗan ne idan an gwada da na sauran ƙasashe. Ban ƙi ba, al'ada ba abin raini ba ce. Amma kowane ɗan manomi ya san bambancin cin hatsi da cin iri. Tsuntsun da ya iso Malta a Afrilu ya riga ya tsira daga hamada sau biyu, shi ne irin da za a shuka, saura 'yan makonni ya yi ƙwai. Wanda ya harbe shi ya harbe har da 'ya'yan da ba a ƙyanƙyashe ba.

Wani zai ce na yi wa masu bin baƙon tsuntsu rashin adalci, kuma yana da 'yar gaskiya. Wani lokaci baƙo guda yakan koyar da babban darasi. A bazarar 1822 aka harbi wata farar shamuwa kusa da garin Klütz, a gaɓar arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka a soke a wuyanta. A zamanin akwai masu tsammanin tsuntsaye ɓuya suke yi cikin laka idan sanyi ya zo. Wannan shamuwa ta nuna wa kowa inda suke zuwa. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Haka kuma da yawa daga cikin gwanayen sanin tsuntsaye da sha'awar baƙo suka fara, kuɗin da masu kallo ke kashewa kuma yana taimakon garuruwan bakin teku. Ba cewa nake a daina ba. Abin da nake cewa shi ne kada a ɗauke shi a matsayin kula da tsuntsaye, domin ba shi ne ba.

Kular gaskiya aiki ne mai gundura, ba hoto, ba tafi. A 1962 wata ƙungiya a Ingila mai suna BTO ta fara ƙidayar tsuntsaye na kullum, inda 'yan sa kai suke zagaya gona ɗaya ko kurmi ɗaya kowace bazara suna rubuta abin da suka gani. A bazarar 1969 sai littattafansu suka nuna abin mamaki: wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda yake cike da kowane shinge, ya ragu da wajen kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Da aka bi diddigi sai aka gano ƙarancin ruwan sama ne a yankin Sahel, inda yake hunturu. Wannan fari shi ne ya ci gaba har ya kai ga yunwar 1973, wadda kakanninmu suke ba da labarinta. Wato waɗansu mutane masu fensir da littafi a gonakin Ingila sun ga alamar masifar da ke tunkarar Sahel shekaru kafin duniya ta farga. Da baƙon tsuntsu kaɗai suke bi, da ba su ga komai ba.

Ƙidaya ce kuma ta nuna ana iya gyara. A 2021 Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da farautar kurciyar Turai. Cikin shekara biyu yawanta a yammacin Turai ya ƙaru da wajen kashi 25 cikin 100. A 2025 an sake ba da damar farautar da ƙayyadadden adadi, ni dai ina ganin an yi gaggawa, amma ko ba komai akwai alƙaluman da za a auna sakamakon da su.

Ina ruwanmu da wannan duka? Ruwanmu shi ne rabin rayuwar waɗannan tsuntsaye a hannunmu take. Fadamar Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, na cikin manyan masaukan tsuntsayen ruwa na Turai a Afirka ta Yamma, wani sashe nata ne ma ya zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, a shekarar 2000. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da ita ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci da makiyayi da manomin shinkafa sun ji a jikinsu tare da tsuntsayen. Duk bishiyar ƙaya da aka sare don gawayi a arewa, wurin cin abinci ne aka rage wa tsuntsun da ke shirin tsallake hamada. Bature yana iya hana bindiga a ƙasarsa, amma ba ya iya mai da wannan bishiya.

Masu ƙirga kuwa mun yi ƙarancinsu ƙwarai. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, a 2015 kuma ta ƙaddamar da aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara ga 'yan sa kai, akasarinsu matasa. Ƙasa mai nau'in tsuntsaye fiye da 900 tana bukatar idanu da yawa fiye da waɗanda ake da su.

Shawarata ga hukumar makaranta da malaman kimiyya da na labarin ƙasa ita ce a sayi babban littafi guda mai bango mai ƙarfi, a ajiye shi a ɗakin karatu. Ɗalibai biyu ko uku su riƙa zagaya hanya ɗaya, daga filin wasa zuwa gonar makaranta, kowace Asabar da sassafe, minti talatin. A rubuta kwanan wata, da irin tsuntsu, da adadinsa, ko da balbela ce ko hankaka ko kurciya. A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa kafin damina, da ranar da aka yi wa tsattsewa masu doguwar jela ganin ƙarshe kafin su nufi arewa. Ranar da ba a ga komai ba ma a rubuta ba a gani ba. Idan 'yan ajin ƙarshe za su fita, su miƙa littafin ga 'yan ajin da ke bayansu a gaban taron makaranta, kamar yadda ake miƙa ƙararrawa ga sabon mai kula da lokaci.