Filin Mata: Yara Kafin Shanya

Ga bazara ta yi nisa, hadari ya soma leƙowa, saboda haka maganarmu ta wannan mako a kan iskar farkon damina ce, da abin da ya wajaba uwargida ta yi sa'ad da ta taso.

Kowa ya san halin hadarin farko a ƙasarmu. Tun daga watan Afrilu har zuwa Yuni yakan haɗo daga gabas, yawanci da la'asar ko da dare. Gari ya yi tsit, zufa ta dami kowa, sa'an nan iska mai jan ƙura ta riga ruwa isowa. Wannan iska ta gaba ita ce mai ɓarna. Ita ke yaye kwano, ta kwashe jinka, ta karya reshe, ta kayar da danga. Da la'asar kuwa maigida yana kasuwa, ko gona, ko wurin aiki. Watau duk dabarar da za a yi cikin gida a wuyan mace take.

To, me muka saba yi? Da an ji iska sai kowace ta zabura kan shanya. Wannan tana kwashe gero, waccan tana tsince tufafi daga igiya, wata tana jera bokiti a bakin indararo. Yara kuwa babu mai ƙirga su. Wani yana gindin mangwaro yana jiran iska ta kaɗo masa, wata ta fita talla ba a san inda ta nufa ba. Geron da ya jiƙe gobe a sake shanya shi. Yaron da reshe ya danne fa?

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ƙasar Amurka akwai wata irin guguwa da ake kira tonado. Ba irin guguwarmu ta rani ba ce mai wasa da ganye da tsummoki. Wannan daga cikin hadari take saukowa kamar mazurari, tana juyawa, tana ɗauke gida da mota. Ran 22 ga Mayu 2011 irinta ta auka wa garin Joplin a jihar Misuri, gudun iskarta ya wuce mil 200 cikin awa guda, ta kashe mutum fiye da 150. An busa jiniya kafin isowarta, amma da hukumar yanayi ta ƙasar ta bincika daga baya, sai ta tarar mutane da yawa ba su nemi mafaka da jin gargaɗin farko ba, sun tsaya sai sun tabbatar tukuna. Tonado ba safai ake ganinta a nan ba, mun gode Allah. Amma darasin ɗaya ne da namu: jinkiri ke kisa, da abin da iska ta ɗauko ta jefo.

Ga abin da nake ba mu shawara. Da kin ga gabas ta yi baƙi, fara da kiran yara, ki ƙirga su ɗaya-ɗaya, ki sa su ɗaki. Mai talla kuwa tun da safe za ki gaya mata, in hadari ya same ta a hanya ta shiga gida ko kanti mafi kusa, kada ta raɓe a jikin katanga ko gindin itace, kuma ko tallan ya lalace ba za a buge ta ba. Tsoron duka ke sa yarinya ta yi ta gudu cikin iska da faranti a ka. Bayan yara sai wuta. Ki kashe murhu sarai, domin garwashi ɗaya in iska ta kai shi kan zana ya isa ya cinye unguwa. In da sauran lokaci, sa'an nan a koma kan shanya.

In an shiga ɗaki a rufe ƙofa da taga, a zauna nesa da su. In kin ji rufi ya soma ɗagawa, kada ki ɗebi yara ku fita tsakar gida, gama fallen kwano in iska ta ɗauke shi ya fi adda kaifi. Ku shige ƙarƙashin gado ko tebur mai ƙarfi, ku rufe kawunanku da katifa ko matashi. Amma in ɗakin ƙasa ne, ruwa ya kwana yana dukansa, kika ga bango ya jiƙe ko ƙasa tana zubowa daga azara, to, da iska ta lafa ku koma wani ɗaki ko gidan maƙwabta. Kunyar kwanan gidan maƙwabci ba ta kai baƙin cikin rushewar ɗaki a kan yara ba.

Sai maganar tsawa. Haske ya fi ƙara sauri, shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji rugugi. In kin ga walƙiya ki ƙirga: kowane sakan 3 kimanin kilomita 1 ke nan tsakaninki da ita. Ku koya wa yara wannan, suna jin daɗinsa, yana kuwa rage musu tsoro. Amma fa muddin kunne yana jin tsawa, ana cikin inda za ta iya faɗowa. Kada a yi wanka a lokacin, kada a riƙe wayar hannu tana jone da lantarki, a kuma zare rediyo da talabijin daga bango. Wadda hadari ya riska a gona ko a hanyar rijiya ta ajiye fartanya da bokitin ƙarfe, ta nisanci dogon itace da tudu da bakin ruwa, ta nufi gini mafi kusa. Rumfa ba mafaka ba ce. Bayan tsawar ƙarshe a dakata minti 30 kafin a fita.

Akwai wani camfi da ya kamata mu yar. Ana cewa wai wanda tsawa ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa nono. 'Yan'uwa, babu sauran wuta a jikinsa, taɓa shi ba ya cutar da kowa, kuma mafi yawan waɗanda tsawa ta buga suna rayuwa. Abin da ke kashe shi zuciya ce ta tsaya, ana can ana neman ƙwaryar nono. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri-sauri ba tsayawa, wani kuma ya nemo abin kai shi asibiti.

In ruwa ya ɗauke, kada a saki yara nan da nan. Wayar lantarki da ta faɗi tana iya kasancewa da wuta, ita da ruwan da take kwance a ciki. Ruwan kwata mai gudu kuwa, wanda bai wuce inci 6 ba yana iya kayar da babban mutum, balle yaro.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Tun yau ki tuna wa maigida a ƙara wa kwano ƙusa, a yi yaɓe, a share indararo, a sare busasshen reshen da ya leƙo kan ɗaki. A riƙa sauraron abin da hukumar yanayi, watau NiMet, ke faɗi a rediyo. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Kada ta same mu da kayan kara a ka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana zuriyarmu, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.