Ƙaiƙayin maƙogwaro bayan tiyatar ɗaure tumbi: Kada a tsaya ga alewar tari

 A cikin 'yan uwanmu da ke fita Indiya, Masar, Dubai ko Turkiyya neman magani, akwai waɗanda ƙiba ce ta kai su, aka yi masu tiyatar rage ta. Wasu ma a nan gida aka yi masu, a asibitocin kuɗi na Legas da Abuja. Tiyatar iri-iri ce, amma yau a kan guda ɗaya za mu tsaya, wato wadda ake ɗaure saman tumbi da zobe, wadda likitoci ke ce wa gastirik band. A cikin ƙorafe-ƙorafen masu ita kuma na zaɓi wanda aka fi rainawa, wato ƙaiƙayi ko kartar maƙogwaro.

Zoben na wata roba ce mai laushi da ake kira silikon, a cikinsa akwai 'yar balan-balan. Likita yakan bi ta 'yan ƙananan huji a fatar ciki da na'ura mai kyamara, ya zagaya shi a wuyan tumbi, ƙasa kaɗan da inda hanyar abinci ta sauko. Sai a samu ɗan aljihu a sama wanda bai wuce girman ƙwan kaza ba, da siririyar ƙofa zuwa sauran tumbin. Daga jikin zoben akwai siririn tiyo da ya tafi zuwa wani ɗan maɓalli da ake binnewa a ƙarƙashin fata. Ta nan ake zuba ruwan gishiri da allura a ƙara matse zoben, ko a zuƙe a sassauta shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001, kuma ya yi tashe na wasu shekaru. Yanzu tauraronsa ya dushe, likitoci sun fi karkata ga tiyatar da ake yanke babban ɓangaren tumbi, domin an ga da yawa daga masu zoben sukan koma a gyara shi ko a cire. Amma wanda ke ɗauke da shi a yau dole ne ya san yadda zai zauna da shi lafiya.

Ciwon maƙogwaron da ake ji a kwanakin farko bayan tiyata ba abin tashin hankali ba ne. Yayin da mutum ke cikin barcin allura ana zura masa bututun numfashi ta maƙogwaro, shi ne ke barin karta. Cikin 'yan kwanaki yakan wuce. Kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, da farasitamol na ruwa sun wadatar.

Wanda ya dame ni shi ne mai zuwa bayan makonni ko watanni, musamman bayan an ƙara ruwa a zoben. Wannan yawanci daga ƙasa yake tasowa. Idan ƙofar ta matse da yawa, ko an ci abinci da sauri, sai abinci da yawu su taru a saman zoben, da an kwanta su dawo sama, wani lokaci haɗe da ruwan tsamin ciki. Tumbi yana da kariya daga wannan ruwan tsami, maƙogwaro kuwa ba shi da ita. Sai mutum ya tashi da asuba murya a dishe, yana ta gyaran murya, baki da ɗaci. Wani tari ne ke tashinsa cikin dare, wani har ruwa ya fito masa ta hanci. Da yawa ba sa jin ƙwarnafi a ƙirji ko kaɗan, shi ya sa ba sa zargin ciki. Sai a ɗora laifin a kan ƙurar hunturu, ko sanyin na'urar ɗaki, ko hayaƙin janareta. Waɗannan duk suna iya kartar maƙogwaro, amma mai zobe ya tambayi kansa: yaushe abin ya fara? Idan ya biyo bayan ƙarin ruwa, ko yana tsananta bayan cin abinci da lokacin kwanciya, to zoben ne abin zargi na farko.

A nan ne ake samun kuskuren da ya fi cutarwa. Mutum ya kashe kuɗi masu yawa, yana son ya ga sikeli na sauka, sai ya ɗauka iya matsewar zobe iya saurin ramewa. Saboda haka sai ya ɓoye wa likita tarin dare, don kada a rage masa ruwan. Alhali abin da ke faruwa shi ne, da zarar nama da ganye sun daina wucewa, mutum yakan koma ga abin da ke zurarewa ba wahala: kunu mai siga, fura da nono, shayi mai kauri, askirim. Waɗannan zoben ba ya tare su, suna kuma ɗauke da abin sa ƙiba fiye da 'yar lomar naman da aka gudu. Sai a wayi gari nauyi ya tsaya cak, maƙogwaro kuma na ƙuna. Idan aka daɗe a haka hanyar abinci tana iya buɗewa ta saki, zoben yana iya zamewa daga wurinsa, abin da ke tasowa da dare kuma yana iya faɗawa huhu ya jawo namoniya. Rage ɗan ruwa daga zoben kuwa aikin 'yan mintoci ne a wurin wanda ya iya. Ku kuma sani cewa masu zobe da yawa sukan ji ya fi matsewa da safe, mata kuma a kwanakin al'ada. Wadda ta samu juna biyu ta sanar da likitanta da wuri, domin sau da yawa akan sassauta mata shi.

Mu zo ɓangarena, wato magunguna. Al'adarmu ce da maƙogwaro ya yi ciwo a aika yaro kemis ya sayo ampikulos ko amoksil da alewar tari. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi wa irin wannan kartar komai, tunda ba ƙwayar cuta ce ta kawo ta ba. Mafi muni, babban kafso yana iya tsayawa a saman zoben ya narke a wurin, ya ƙona fatar hanyar abinci. Doksisaikilin ya shahara da wannan ko ga wanda bai yi tiyata ba, haka ƙwayar ƙarin jini ta ayon, da maganin ƙarfin ƙashi alendironet. Alewar tari kuma siga ce, ga na'ana'ar da ke cikinta tana iya sassauta bakin tumbi ta ƙara tasowar ruwa. Wasu ma, irin Strepsils Intensive, suna ɗauke da fulobifurofen, ɗan gidansu ibufurofen.

Wannan gida na ibufurofen, dikulofenak, feldin da asfirin, ana so mai zobe ya nisance shi, domin suna cin fatar tumbi su jawo gyambo. Na san masu ƙiba da yawa suna fama da ciwon gwiwa da baya, sun saba da su tun kafin tiyata. A koma farasitamol, idan bai isa ba a ga likita. Wanda likitan zuciya ya ɗora a kan ƙaramin asfirin kada ya daina da kansa, ya sa likitocin biyu su daidaita.

Wasu kuma da sun ga ƙwaya ta yi girma sai su daka ta a cokali. Ba kowace ake dakawa ba. Duk wadda kuka ga an rubuta SR, XR, MR ko EC a bayan sunanta, an gina ta ne ta narke a hankali ko ta wuce tumbi kafin ta narke. Daka ta na iya sakin maganin yini guda a lokaci ɗaya, wannan kuwa haɗari ne a maganin hawan jini. Ku kwaso duk magungunanku a leda ku kai wa ƙwararren mai harhaɗa magunguna, ya ware maku wanda ake rabawa, da wanda yake da na ruwa ko na taunawa. Kafson omefurazol, wanda likita kan rubuta don rage tsamin ciki, ana iya buɗe shi a haɗiye 'yan ƙwayoyin ciki ba tare da taunawa ba. Sai dai shi ma rage ƙuna kawai yake yi, ba ya sassauta zobe. Kowace ƙwaya a sha ta ɗaya bayan ɗaya, a zaune, da isasshen ruwa, kada a sha a bi da kwanciya. Mai ciwon siga da ke kan insulin ko gilibenkilamaid ya riƙa gwaji akai-akai, domin abinci ya ragu, adadin maganin da ya saba zai iya kayar masa da siga.

Batun abinci, kowane asibiti da jadawalinsa, amma tsarin kusan ɗaya ne: mako ɗaya zuwa biyu na ruwa-ruwa, sai kamar mako biyu na abin da aka niƙa, sai mai laushi, kafin a koma abinci sosai wajen mako na shida. Matsalar ita ce takardar da ake ba mutum a Delhi ko Istanbul ba ta san tuwo ba. Mu kuwa mun taso ne da loma: a gutsura, a mulmula, a dangwali miya, a haɗiye. Tuwon shinkafa, sakwara, teba, amala, babu wanda muke taunawa. Ga mai zobe wannan lomar kamar toshe bakin kwalba ne da ƙullu. Sai ta tsaya, ƙirji ya ɗaure, yawu mai yauƙi ya cika baki, a ƙarshe a dawo da ita. Kowace dawowa tana kumbura wurin, ta kuma karce maƙogwaro. Wanda zai ci tuwo ya rage lomar zuwa kan ɗan yatsa, ya tauna ta kamar nama, ko da mutanen gida za su yi dariya.

Sauran masu maƙalewa su ne burodi mai laushi, taliya, kilishi, tsiren da ya bushe, ganda, zaren mangwaro da abarba, da fatar cikin lemon zaƙi. Masu sauƙin wucewa da ke gina jiki kuwa muna da su a arha: alale, dafaffen ƙwai, kifi, awara, faten wake, kindirmo ba siga, naman kaza da ya dahu luguf cikin miya. Da su za a fara a faranti, sai ganye, sai a ƙare da ɗan hatsi idan da sauran wuri. A tauna kowace loma kamar sau 20, a ajiye cokali tsakanin loma da loma, idan an yi minti 20 a tashi ko da saura. Kada a kora da ruwa, a bari sai bayan rabin awa. Lemon kwalba mai gas a haƙura da shi. Ruwa kuma a yi ta kurɓa a tsawon yini har a kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu, domin bushewar maƙogwaro kanta tana kawo ƙaiƙayi.

Abincin dare shi ne ya fi shafar maƙogwaro. Magidancin da cunkoson Legas ko na hanyar Nyanya ke hana shi isa gida sai ƙarfe tara, ya ci ya kwanta, shi ne zai kwana yana tari. A bar aƙalla awa uku tsakanin cin ƙarshe da kwanciya. Uwargida, ki zuba masa nasa a kula ya ci da wuri a wurin aiki. A kuma ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo ko katako kamar santimita 15 zuwa 20. Tara matasan kai ba ya yin wannan aikin, lanƙwasa ciki kawai yake yi. Azumi kuwa, musamman a shekarar farko, sai da shawarar likita, domin buɗa-baki cikin yunwa da gaggawa shi ne daidai abin da zoben ba ya ɗauka.

Motsa jiki tun a asibiti yake farawa. Tattaki a rana ta farko yana kare daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, kuma mai dawowa a jirgi na awanni da yawa ya riƙa tashi yana takawa. Makonni huɗu zuwa shida na farko babu ɗaukar kaya mai nauyi, har da jarkar ruwa da goyon yaro, domin wurin maɓallin nan ya warke. Bayan nan a hau a hankali zuwa abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara, wato minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici kamar tafiya da sauri, da kwana biyu na atisayen ƙarfafa tsoka. Wannan na biyun mata sukan tsallake shi, alhali mai ramewa yana zubar da tsoka tare da kitse idan bai motsa ta ba. Kada a yi atisaye ko aikin sunkuyo da abinci a saman zobe. Ko sallah ce, gara a yi ta kafin a ci, ko a ɗan jinkirta bayan an ci, saboda ruku'u da sujada. Da hunturu a rufe hanci da takunkumi idan za a fita tattakin safe.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Idan ruwa ko yawu ya ƙi wucewa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ga ciwo mai tsanani a saman ciki, ko aman jini ko baƙin bayan gida, a tafi asibiti nan take, a kuma fara da gaya masu akwai zobe a tumbi. Haka idan wurin maɓallin ya yi ja, ya kumbura ko yana fitar da ruwa, domin wani lokaci alama ce zoben ya fara cin bangon tumbi. Amai na makonni kuma yana ƙarar da bitamin B1 a jiki, rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Idan mai aman ya fara ruɗewa, ko gani biyu-biyu, ko tangaɗi, wannan na gaggawa ne.

Wanda aka yi wa tiyatar a waje ya nemi likitan tiyata a nan gida da zai riƙa duba shi tun kafin matsala ta taso, ya kuma adana takardar da ke nuna samfurin zoben da yawan ruwan da ke cikinsa. Maɓallin nan da allura ta musamman ake huda shi. Allurar yau da kullum tana yaga robarsa ya fara yoyo, don haka kada a bari mai allurar unguwa ya taɓa shi, komai ƙwarewarsa.