Kwamfuta da Lalacewar Saƙaƙƙen Zaren Kabon: Wa Za A Gaskata?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin masaƙa ya san cewa ƙarfin tufa yana ga yadda zare ya hau zare, na tsaye ya bi ta kan na kwance, sa'an nan ya sunkuya ta ƙarƙashinsa. Wannan tsohuwar hikima ce injiniyoyi suka ɗauka, sai dai a maimakon auduga suna amfani da zaren kabon, wanda silinsa bai kai kaurin gashin kai ba. Akan tara sili 3,000 ko 6,000 ko 12,000 a yi zare guda, a saƙa, a jiƙa da wani irin danƙo, a gasa har ya sandare. Abin da ke fitowa ga ƙarfi, ga rashin nauyi. Da irin wannan saƙa aka ƙera fukafukai 18 na fankar injin jirgin sama mai suna LEAP, wanda ya fara jigilar fasinja a shekarar 2016.

To amma fa lalacewar wannan abu ta bambanta da ta ƙarfe. Shi ƙarfe yakan lanƙwashe ko ya lotsa, watau yakan yi gargaɗi. Shi kuwa saƙaƙƙen haɗin nan daga ciki yake ruɓewa, kamar itacen da gara ta ci. Da farko danƙon ne ke tsagewa a tsakanin silin da suka gitta, daga nan zare ya saki danƙo, shimfiɗa ta rabu da shimfiɗa, sai can daga ƙarshe silin su fara tsinkewa, alhali kuwa fuskar abin tana nan sumul. Bugu da ƙari, wannan hawa da sauka da ke riƙe saƙa shi ne kuma rauninta, domin zaren da ya riga ya karkace ba ya jure dannawa kamar miƙaƙƙe.

Saboda haka ne masana suka koma ga kwamfuta. Sukan zana ɗan yankin saƙar da ke maimaita kansa, su yayyanka shi gutsi-gutsi cikin lissafi, su ɗora masa nauyi na ƙarya, su ga inda tsaga za ta fara da inda za ta nufa. Jami'ar Nottingham ta Ingila ta fito da manhajar TexGen domin irin wannan zane. Babu shakka aiki ne mai amfani, domin ana iya jarraba saƙa ɗari a kwamfuta kafin a ƙera guda, kuɗi da lokaci su huta.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗaukar hasashen kwamfuta tamkar shaidar gani da ido. Wannan kuskure ne, kuma dalilan a fili suke. Wasu masana uku a Ingila, Hinton da Soden da Kaddour, sun taɓa gayyatar masu ra'ayoyin lissafi kan lalacewar irin waɗannan kaya, suka ba su tambayoyi iri ɗaya, suka ce kowa ya yi hasashensa kafin ya ga sakamakon gwaji. A littafin da ya fito a 2004 an auna ra'ayoyi 19, ba a sami ko ɗaya da ya dace da gwaji a kowane fanni ba. Wannan fa a kan zaren da aka shimfiɗa a miƙe ne, ba a ma kai ga saƙa ba, wadda ta fi shi wuyar sha'ani nesa ba kusa ba. Har ila yau, a watan Yuni na 2009 kamfanin Boeing ya ɗage tashin farko na jirginsa 787, wanda kimanin rabin nauyinsa irin wannan haɗi ne, bayan da gwajin lanƙwasa fiffike ya tono rauni a mahaɗar fiffiken da gangar jiki, raunin da lissafi bai hango ba. Jirgin bai tashi ba sai ranar 15 ga Disamba na shekarar.

Laifin ba na kwamfuta ba ne, ita abin da aka ba ta shi take tauna. Zaren da ke cikin zane a daidaice yake, tazararsa ɗaya, kaurinsa ɗaya. Na cikin masana'anta kuwa yakan matse a nan, ya baje a can, iska ta maƙale cikin danƙo ta bar rami, kuma tsaga ba ta farawa sai daga irin waɗannan wurare. Kowane masaƙi ya san ba a yin ƙwarya biyu ta saƙi su zo daidai wa daida. Shi ya sa masana suka shiga ɗaukar hoton cikin saƙar ta ainihi da na'urar hoton ƙashi, su gina lissafinsu a kansa. Ci gaba ne, amma hoton na yanki guda ne, ba na dukan abin da masana'anta za ta fitar ba.

Akwai masu cewa gwaji yana da tsada, a rage shi tun da lissafi ya ƙara kyau. A rage na farkon aiki, babu laifi. Na ƙarshe kuwa, wanda ake lanƙwasa abu har ya karye, ko a yi ta jijjiga shi sau miliyoyi domin a ga gajiyarsa, bai kamata a taɓa shi ba, domin Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Har yanzu hukumomin jiragen sama na Amurka da Turai ba sa amincewa da sabon inji sai an harba masa tsuntsaye yana cikin gudu, an kuma ɓalle masa fiffiken fanka guda da gangan, an ga ko murfin injin zai tare ɓaraguzan.