Fagen Wasanni: Misty May-Treanor, Gwanar Yashi da Ta Yi Ritaya da Zinare Uku

A wannan mako za mu leƙa wani wasa da ba kasafai ake maganarsa a makarantunmu ba, wato ƙwallon raga ta kan yashi, wadda aka fi bugawa a bakin teku. Za mu dubi rayuwar wata gwanarsa 'yar Amurka mai suna Misty May-Treanor, wadda ta ajiye wasa a shekarar 2012 bayan ta ci lambar zinare sau uku a jere a gasar Olimfik.

Da yawanku kun san ƙwallon raga irin wadda ake bugawa a filin makaranta, mutum shida-shida. Ta kan yashi ta bambanta. Mutum biyu ne kacal a kowane ɓangare, kuma babu canji. Idan ɗaya ta gaji ko ta ji ciwo, babu wata a benci da za ta shigo ta karɓe ta. Tsawon filin mita 16 ne, faɗinsa mita 8, ragar mata kuma tsayinta mita 2.24. Ana cin turmi ne da maki 21, in an yi ɗaya da ɗaya sai a yi turmin raba gardama na maki 15. Saboda iska da rana, ana musayar ɓangare duk bayan maki bakwai don kada wani ya ƙwaru. Ku tuna kuma cewa a kan yashi ake gudu da tsalle, ƙafa ba takalmi. Duk wanda ya taɓa gudu a cikin rairayin rafi da rani ya san yadda yake cinye ƙarfin ƙafa. A 1996, a birnin Atlanta, aka fara sa wannan wasa cikin gasar Olimfik.

An haifi Misty ranar 30 ga Yuli, 1977, a jihar Kalifoniya. Ta gaji wasan ne, domin mahaifinta Butch May ya buga wa Amurka ƙwallon raga a Olimfik ta 1968. Ta taso tana wasa a yashin Santa Monica, sannan ta shiga jami'ar jiha da ke Long Beach. A can aikinta shi ne ɗaga wa abokan wasa ƙwallo su doka. A 1998 ƙungiyarsu ta ci kofin jami'o'in Amurka, ta buga wasa 36 ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Bayan jami'a ta koma wasan yashi, ta je Olimfik ta Sidni a 2000 tare da Holly McPeak. Sun ƙare a matsayi na biyar, suka dawo gida ba lamba.

A 2001 ta haɗu da wadda za ta zama abokiyar wasanta ta tsawon shekaru, Kerri Walsh. Kerri doguwa ce, ta kai kusan mita 1.9, ita kuwa Misty mita 1.75 ce. A wannan wasa ba a kiran mai irin tsayinta doguwa. Sai suka raba aiki. Kerri ta tsaya a gaban raga tana tare ƙwallo, Misty ta koma baya tana tsare sauran fili.

A nan nake so ku tsaya ku lura. Idan doguwa ta yi tsalle ta tare ƙwallo ta faɗa ɓangaren abokan hamayya, filin kan ɗauki tafi da sowa. Aikin ta baya kuwa ba kowa ke ganinsa ba. Kafin a buga, mai tsaron raga takan sa hannu a bayanta ta yi wa abokiyarta alama da yatsu. Yatsa ɗaya na nufin za ta toshe miƙaƙƙen bugu, yatsu biyu na nufin za ta toshe na karkace. Duk inda ta bari a buɗe, wuyan ta baya ne. Dole ta karanci kafaɗar mai bugu da hannunta, ta gane inda ƙwallo za ta sauka tun ba a doke ta ba, ta yi sufa a yashi ta ɗago ta, ta miƙe nan take, sannan ta ruga ta yi tsalle ta buga. Duk wannan cikin daƙiƙu kaɗan. Abin da Misty ta fi shahara da shi ke nan. Shekarun da ta yi tana ɗaga wa wasu ƙwallo a jami'a sun koya mata sarrafa ƙwallo da karanta fili, har masu sharhi da dama ke sa ta a sahun gaba cikin matan da suka taɓa buga wannan wasa.

A 2002 mahaifiyarta Barbara ta rasu sakamakon ciwon daji. Rashi ne mai nauyi ga yarinya mai shekara 24, amma ba ta bar fili ba. A 2003 ita da Kerri suka ci gasar duniya, suka sake ci a 2005 da 2007. A Olimfik ta Atens a 2004 suka doke Adriana Behar da Shelda Bede 'yan Burazil a wasan ƙarshe, kuma tun daga farkon gasar har ƙarshenta ba wanda ya ci su ko turmi ɗaya. A Beijin a 2008 suka maimaita. An yi wasan ƙarshe ana tsuga ruwan sama, da 'yan ƙasar mai masaukin baƙi Tian Jia da Wang Jie, aka tashi 21-18 da 21-18. Tsakanin 2007 da 2008 sun ci wasa 112 a jere kafin a samu waɗanda suka taka musu birki.

Sai ƙaddara ta gitta. A watan Oktoba na 2008, tana atisayen wata gasar rawa ta talabijin, jijiyar agararta ta tsinke. Ga mai sana'ar tsalle a kan yashi, da wuya a samu raunin da ya fi wannan muni. Aka yi mata tiyata, ta shafe watanni tana koyon taka ƙafa da ƙarfafa ta. Ita ma Kerri ta tafi hutun haihuwa, ta haifi 'ya'ya biyu a 2009 da 2010. Mutane da yawa suka ɗauka zamaninsu ya wuce.

A 2011 suka sake haɗuwa, amma abubuwa ba su tafi sumul ba. A gasar duniya ta wannan shekara a birnin Rum, 'yan Burazil suka doke su a wasan ƙarshe. Maimakon kowace ta ɗora wa ɗaya laifi, sai suka nemi masanin halayyar 'yan wasa ya zauna da su, suka gyara yadda suke magana da juna a fili da wajensa. Ku duba fa, mata biyu masu zinare bibbiyu, amma ba su ji kunyar neman a koya musu zama da juna ba.

Misty ta sanar tun kafin Olimfik ta Landan cewa ita ce ta ƙarshe gare ta. A tsakiyar birnin aka jibge yashi a dandalin faretin sojojin dawaki, aka yi gasar. A nan ne aka ci su turmi ɗaya tilo a duk wasanninsu na Olimfik, wasu 'yan'uwan juna biyu 'yan Ostiriya suka ci, duk da haka su Misty ne suka yi nasara a wasan. Ranar 8 ga Agusta, 2012, suka kara da 'yan ƙasarsu April Ross da Jennifer Kessy a wasan ƙarshe, suka ci 21-16 da 21-16. Wasa 21 suka buga tare a Olimfik uku, suka ci duka 21. Misty tana da shekara 35 a lokacin. Ta sauka daga dandalin karɓar lamba, ta cika alkawarinta na barin gasar ƙasa da ƙasa.

Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya bar abu yana kan ganiyarsa. 'Yan wasa da yawa kan ci gaba har sai jiki ya ƙi, ko an daina kiransu, sannan su waiwaya su ga babu abin da suka tanada. Misty ta koma aji. A 2013 ta kammala digiri na biyu a fannin horar da 'yan wasa da tafiyar da harkar wasanni. A 2016 ta karɓi aikin kula da ƙwallon raga a wata kwaleji da ke Long Beach, garin da ta yi karatu, kuma a shekarar ce aka shigar da sunanta zauren karrama gwanayen ƙwallon raga na duniya. Kerri kuwa ta ci gaba, ta ɗauki April Ross, wadda suka doke a Landan, suka ci tagulla a Riyo a 2016.

To, me ta bari? Na farko, ta taimaka wajen ɗaga darajar wasan. A shekarun da ita da Kerri suke cin zinare, 'yan mata da yawa a Amurka suka rungumi wasan yashi, har a 2016 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta fara shirya masa gasar cin kofi ta mata. Yanzu yarinya kan iya samun gurbin karatu a jami'a ta dalilinsa. Na biyu, ta nuna cewa rashin tsayi ba ya hana gwaninta, idan akwai lura da naci. Na uku, kuma shi ne babba a wurina, ta nuna darajar aikin da ba a tafa wa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da Kerri ba ta amince cewa akwai mai tsare mata baya ba, da ba ta saki jiki ta yi tsalle a gaban raga ba. Da Misty ta nace sai ita za a gani a gaba, da ba su kai inda suka kai ba.

Wannan ya shafe ku kai tsaye. A ajinku akwai mai tashi ya yi magana ranar muhawara, akwai kuma wanda ya kwana yana tattaro hujjoji. A ƙungiyar ƙwallon gidanku akwai mai cin ƙwallo, akwai mai tsaron baya da ba a kiran sunansa sai ranar da ya yi kuskure. Idan aikin baya ne ya faɗo kanka, ka yi shi da kyau, kada ka raina shi. Idan kuma kai ake tafa wa, ka san wanda ya ɗago maka ƙwallon, ka faɗi sunansa.

Na san wasu 'yan mata za su ce kayan da ake sawa a wannan wasa ba su dace da tarbiyyarmu ba. Gaskiya ne irin shigar da aka saba gani a talabijin ba tamu ba ce. Amma tun 2012 hukumar ƙwallon raga ta duniya ta sassauta dokar sutura, ta ba da damar sa kayan da suka fi rufe jiki. A Riyo a 2016, Doaa Elghobashy 'yar Masar ta buga da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali ya rufe kanta. Teku ma ba dole ba ne, tunda a Landan da mota aka kawo yashin. Abin da ake bukata shi ne yashi mai laushi da aka tsince duwatsu da ƙayoyi daga cikinsa, da raga, da ƙwallo, da mutum huɗu. Makarantar da ke da malamin wasanni mai himma za ta iya gwadawa, maza da filinsu, mata da nasu.

Tambayar wannan mako: a ajinku ko ƙungiyarku, wane ne ke yin aikin baya wanda ba a cika yaba masa ba, kuma me yake yi? Ku rubuto mana a taƙaice tare da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi ma'ana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.