Wasiƙa Zuwa Ga Masu Aikin Gashin Jarirai Bakwaini



Kuna ganin bakwaini na rabin awa a mako, wani ma sai wata-wata. Sauran lokacin duka yana hannun uwa da kaka. Saboda haka ina roƙonku, hannun uwar nan shi za ku fi koyarwa, domin a ɗakinta ainihin gashin yake gudana.

Ku fara da lissafin watanni, don a nan hankalin iyaye ya fi tashi. Yaron da aka haifa a mako na 32 ya riga lokacinsa da wata biyu. Idan ya cika wata shida a duniya, ɗan wata huɗu ne a wurinmu, kuma haka za a riƙa cire masa har ya kai shekara biyu. Uwar da ba ta san wannan ba, da ta ga ɗan maƙwabciya ya zauna sai ta hau tokare nata da matasai, ko a sayo keken koyon tafiya. Keken nan ba ya koya wa yaro tafiya, kuma saboda haɗarinsa Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.

Mu mutanen goyo ne, amma bakwaini a ƙirji yake fara goyuwa, fata da fata, a lulluɓe shi da zane. A Bogota ta ƙasar Kolombiya Dakta Edgar Rey ya fara wannan dabara a 1978, lokacin da kwalaben ɗumama jarirai suka yi wa asibitinsu kaɗan, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ta da zarar an haihu. Kada ku tsaya ga bayani. Ku ɗaura wa uwar zanen da hannunku, ta kwance, ta sake ɗaurawa kuna kallo. Haka ma kifa jaririn: a kife na 'yan mintoci idan yana farke kuma ana kallonsa, don wuya ya yi ƙarfi, barci kuwa a rigingine.

Kaka ta shigo ɗakin, don Allah. Ita ke wanka, ita ke tausa, kuma maganarta ake bi a gida. Ku gaishe ta, ku ce, "Baba, nuna mini yadda kike yi," sannan ku gyara a hankali inda take miƙar da gaɓoɓi da ƙarfi.

Ku kuma kafa ido tsakanin wata uku zuwa biyar na gyararren lissafi. Farfesa Heinz Prechtl ya nuna cewa rashin 'yan ƙananan mutsu-mutsun jiki a wannan tsakani babbar alama ce ta taɓuwar ƙwaƙwalwa. Idan kun ga haka, ko jiki ya sandare, ko yaro yana aiki da hannu ɗaya kawai, ku faɗa wa iyaye gaskiya cikin tausasawa, kafin wani ya ce musu iska ce, watanni masu daraja su wuce.

Kada uwa ta bar ɗakinku sai ta gwada abin da kuka koya mata a gabanku, kuma ta san ranar dawowa.